Wai me ya sa waƙoƙin shekarun 1980 suka ƙi tsufa?

Abba_Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gareni ga manyanmu da kuma masu bibiyar harkar waƙa, wai meye sirrin albam ɗin nan na shekarun 1980 da har yau suka ƙi sauka? Ni dai ba a haifeni ba lokacin, amma duk manhajar da na buɗe, Spotify ce ko YouTube, in dai na ɗan jima ina jin waƙa to sai ta kaini kan Michael Jackson ko Whitney Houston ko Phil Collins ko Lionel Richie, kuma in ka duba adadin sauraron da aka yi musu sai kanka ya ɗaure, Billie Jean kaɗai ta daɗe da wuce biliyan ɗaya a Spotify, waƙar da ta fito a cikin Thriller tun 1982 fa. Kuma ba tsofaffi ne kawai suke ji ba dan tsofaffin namu da yawansu ko manhajar basu da ita a waya, yara ne sa'annina da ma waɗanda basu kaini ba, a TikTok zakaga yarinya ƴar shekara sha biyar tana bin waƙar da ta girmi mamanta.

Abin da ya fi bani mamaki shine yanzu fa kullum sababbin waƙoƙi ake zubawa a intanet ba adadi, kayan aiki sun fi na da, situdiyo guda ta dawo cikin laftof, amma waƙar da ta yi tashe da ƙaramar sallah kafin babbar sallah an manta da ita, su kuwa waɗancan shekara arba'in suna nan daram. To shin da gaske sun fi na yanzu inganci ne, ko kuwa kamfanoni ne suke cusa mana su mu kuma muna ganin kamar mu muka zaɓa? Sannan masu jin nan albam ɗin suke ji daga farko har ƙarshe ko waƙa ɗaya biyu ake tsinta a bar sauran? Dan ni gaskiya inaso in fara jinsu a tsanake amma ban san ta inda zan kama ba. Nagode.

Kawu_Mai_Kaset ya rubuta:

Wa alaikumus salam Abba, Allah ya yi maka albarka, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni sana'ar da na tashi a cikinta kenan, ɗaukar waƙa a kaset, a wani ɗan shago a Kaduna. Mutum zai zo da kaset ɗinsa sabo dal a leda, TDK ko Maxell, ya ce a cika masa. Wanda ake kira C90 minti 45 yake ɗauka kowane gefe, shi kuma Thriller waƙa tara ne minti 42 da ƴan kai, to kaga yana shiga gefe guda cif, ɗaya gefen sai a zuba masa Can't Slow Down na Lionel Richie wanda ya fito 1983. In an gama sai mu ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na saman kaset ɗin dan kar yaro ya danna jan maɓalli ya goge, a rubuta sunayen waƙoƙin da biro a jikin takardar ciki, in zaren ya cukurkuɗe kuma biron ne dai ake zurawa a ramin a dinga juyawa a hankali har ya koma. Kuma batir da tsada, ba wanda zai tsaya yana ƙona batir wajen tariyo waƙa ko tsallaketa, in ka danna sai gefen ya ƙare da kansa. Shi ya sa mu har yau in waƙa ta zo ƙarewa kunnenmu ya riga ya fara jin wadda za ta biyo baya.

Maganar inganci kuwa ni ina tare da masu cewa sun fi, kuma zan faɗi dalilina. A lokacin faifan garmaho ake bugawa tukunna, shi kuma kowane gefe bai cika wuce minti ashirin da ɗan wani abu ba, in ka matsa ka cusa fiye da haka layukan faifan sai sun matsu, sautin ya yi rauni musamman bugun ƙasa. To babu wurin tarkace. Quincy Jones wanda ya shirya Thriller ya sha faɗa cewa ɗaruruwan waƙoƙi suka saurara kafin su tsaya a kan taran nan, kuma da suka gama haɗin farko suka saurara basu gamsu ba, sai da suka koma suka sake haɗa sautin suka rage tsawon wasu. A cikin tara bakwai sun shiga goman farko a jadawalin Billboard na Amurka, albam ɗin ya yi mako 37 a lamba ɗaya, a bikin Grammy na 1984 Michael ya kwashi kyauta takwas a dare ɗaya. Ka duba waɗanda suka taɓa kayan kiɗan, Eddie Van Halen ne ya kaɗa jitar nan ta tsakiyar Beat It, ƴan ƙungiyar Toto sun yi kiɗa a ciki, ɗaya daga cikinsu Steve Porcaro shi ya kawo Human Nature, Paul McCartney ya yi waƙa ɗaya tare da Michael, Bruce Swedien shine injiniyan sauti. Mutane ne da kowa ya ƙware a abu ɗaya, aka tara su a ɗaki ɗaya wata da watanni, ana biyan kuɗin situdiyo na kowace awa, dole a yi abin kirki.

Sannan lokacin ne sababbin na'urori suka shigo amma basu kori masu kiɗan hannu ba tukunna, akwai injin ganga irinsu TR-808 da Linn, akwai kibod DX7 na Yamaha da ya fito 1983, amma mai jita da mai busa ƙaho da mai ganga na gaske suna nan ana haɗawa. Wannan gaurayen shine sautin da yaran yanzu suke ta kwaikwayo, kaji Blinding Lights ta The Weeknd ai, 2019 ta fito amma kiɗan na zamaninmu ne tsaf, kuma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saurara a tarihin Spotify. Yaron da kunnensa ya saba da wannan in ya ci karo da na asalin ba zai ji baƙon abu ba.

Injiniya_SK ya rubuta:

Kawu Allah ya ƙara girma, bayanin kaset ɗin nan ya yi daɗi wallahi, amma a gafarceni zan ɗan saɓa a wuri biyu.

Na farko, a shekarun 1980 ɗin ma an fitar da albam dubbai marasa daɗi da ko sunansu ba wanda yake tunawa yau. Abin da ya iso garemu garin da aka riga aka tankaɗe ne tsakin ya tafi, na yanzu kuwa ko rariya bai shiga ba, to in aka jera su dole na da ya fi laushi. Sai nan da shekara arba'in za a san waɗanda suka tsira a na wannan zamanin.

Na biyu kuma shine amsar tambayar Abba ta ƙarshe, kuma ni nan ne abin ya fi damuna. Galibi ba albam ake ji ba, waƙa ake tsinta. Abba buɗe Thriller a Spotify ta kwamfuta inda ake nuna adadin kowace waƙa, ka kalli Billie Jean da Beat It sannan ka sauko kan Baby Be Mine da The Lady in My Life kaga irin tazarar da ke tsakani, albam ɗaya ne fa. Haka Toto IV na 1982, kowa ya san Africa, wasu sun san Rosanna, sauran takwas ɗin fa? To me ya sa ake cewa albam ɗin yana kan jadawali? Saboda yadda ake lissafin ne. A ƙarshen 2014 Billboard suka fara ƙirga sauraron intanet a jadawalin albam, lokacin suka ce duk sauraro 1,500 na waƙoƙin cikin albam daidai yake da an sayi albam ɗaya, daga baya sun yi ta gyara adadin suna bambanta mai biyan kuɗin wata da mai ji kyauta da talla, amma tsarin yana nan. Kenan ko waƙa ɗaya tak aka yi ta nanatawa albam ɗin gaba ɗaya ake rubutawa ladan. Kafin nan ma ai daga 1991 tsofaffin albam basa shiga babban jadawalin sam, sai da Michael ya rasu a 2009 aka ga fayafayansa sun fi na kowa ciniki a Amurka amma doka ta hana a sa su, a ƙarshen shekarar aka cire dokar. Shi ya sa zakaga waɗanda suka fi daɗewa a jadawalin yawanci tarin fitattun waƙoƙi ne, Legend na Bob Marley da ya fito 1984 ya haura mako 800 a ciki, amma Bob Marley ya rasu tun 1981 kuma yawancin waƙoƙin na shekarun 1970 ne aka tattaro, haka Greatest Hits na Queen na 1981 wanda shine albam ɗin da aka fi saya a tarihin Birtaniya.

Akwai kuma maganar kuɗi wadda Abba ya hango kuma bai yi kuskure ba. A zamanin kaset in ka sayi Thriller sau ɗaya shikenan kamfani ya gama cin kuɗinka, ko sau dubu ka ji ba ruwansa. Yanzu kuwa duk sanda waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana kaɗawa an ƙirga, akwai ɗan abin da zai faɗa aljihun mai haƙƙin mallaka, kuma tsohuwar waƙa ba ta buƙatar kuɗin situdiyo ko na bidiyo, an gama kashe mata kuɗi tun tuni, riba ce zalla. Kamfanin Luminate mai tattara alƙaluman nan ya nuna sama da kashi 70 cikin 100 na waƙar da ake ji a Amurka ba sabuwa bace, kodayake a lura a wurinsu duk waƙar da ta wuce wata 18 ta zama tsohuwa, dan haka ba duka ne na 1980 ba. Amma ka kalli cinikin da ake yi, a ƙarshen 2021 an ruwaito Bruce Springsteen ya sayar wa Sony waƙoƙinsa kan kusan dala miliyan 500, a 2024 an ruwaito Sony ɗin dai ta sayi rabin na Michael Jackson kan kusan dala miliyan 600, na Queen kuma sama da dala biliyan ɗaya. Wanda ya zuba irin wannan kuɗin ba zai naɗe hannu yana jiran ka tuna da waƙar dan kanka ba, zai sa ta a fim, a talla, a wasan bidiyo, zai sake fitar da albam ɗin da sunan cika shekara kaza kamar yadda aka yi Thriller 40 a 2022, zai tabbatar tana cikin jerin waƙoƙin da manhaja take shirya maka. Ita kuma manhajar abin da ta fi so shine waƙar da ba za ka tsallake ba, waƙar da ka taɓa ji a motar babanka ko a gidan biki kuwa da wuya ka tsallake, sai ta ƙara turo wa wani, a haka abin yake ta juyawa.

Ban ce basu da daɗi ba fa, ni kaina Purple Rain na Prince ba ya fita daga wayata. Cewa nake daɗi kaɗai bai isa ya bayyana abin ba.

Maman_Hanan ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya naji bayaninka kuma akwai gaskiya a ciki sosai amma inaga ka ba kamfanoni ƙarfin da ya wuce nasu. In turawa ce kawai ai kowace tsohuwar waƙa suna so ta tashi, kuma kullum ana saka tsofaffin waƙoƙi a finafinai su wuce ba wanda ya waiwaya. Ɗauki Kate Bush, baturiyar Ingila, Running Up That Hill tana cikin albam ɗinta Hounds of Love na 1985, lokacin ta tsaya a lamba uku a Birtaniya, a Amurka ma lamba 30 ta kai. A 2022 aka saka ta a zango na huɗu na Stranger Things a Netflix, a daidai wurin da wata yarinya take cikin ƙunci bayan mutuwar yayanta kuma waƙar ce take riƙe ta, nan take yara suka bazama nemanta, a watan Yuni ta hau lamba ɗaya a Birtaniya shekara 37 bayan fitowarta, a Amurka ta kai lamba uku, a 2023 ta haura biliyan ɗaya a Spotify. Fim ɗin ya buɗe ƙofa ne kawai, amma abin da ya sa yara suka zauna a ciki waƙar ce da kanta. Kuma matar ita ta rubuta ita ta shirya kiɗan a situdiyonta, ba wani babban furodusa a kanta.

Kuma ban yarda duka tsinta ake ba. Ƴata ta fari ta fim ɗin nan ta san waƙar, da farko ita kaɗai take nanatawa har na gaji, wata rana ina kicin naji wani kiɗa daban mai sanyi yana fitowa daga ɗakinsu, ashe ta gangara gefe na biyu na albam ɗin, wanda waƙoƙi bakwai ne a jere da suke ba da labari ɗaya, na wata mata da ta faɗa teku ta kwana tana shawagi a ruwa tana jiran ceto. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da wayar a hannu tana bani labarin tiryan-tiryan, wai Mama in aka tsallake ɗaya ba a gane na gaba. Ba manhaja ce ta koya mata wannan ba. Ko cikin ɗari mutum biyar ne suka yi irin haka, in ka lissafa da yawan masu jin ai jama'a ce mai yawa, kuma a da in kana so ka ji sauran albam sai ka nemo kuɗi ka nemo inda ake sayarwa, yanzu dannawa ɗaya ce.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ma Tracy Chapman ce. Albam ɗinta na farko 1988 ya fito, ita da jitarta kawai kusan, duniya ta santa ne a bikin cikar Mandela shekara 70 da aka yi a Wembley a watan Yunin shekarar lokacin yana kurkuku. Fast Car labarin talauci ne, yarinyar da ta bar makaranta dan ta kula da uba mashayi tana mafarkin ta tsere ta samu rayuwa, wannan labarin yaushe zai tsufa? A 2023 wani mawaƙin kantiri, wato salon kiɗan karkarar Amurka, mai suna Luke Combs ya sake rera ta dan tun yana yaro yake jinta a motar babansa, ta sake tashi, har Tracy ta samu kyautar waƙar shekara ta ƙungiyar mawaƙan kantiri ta Amurka, baƙar mace ta farko da ta taɓa samu, a Fabrairun 2024 suka rera tare a Grammy gashinta duk furfura. Abba in kana neman wurin farawa ni nan zan ce ka fara, albam ɗin gajere ne kuma turancinta a fili yake.

Ɗan_Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum, gaisuwa ga Kawu da Hajiya da sauran ƴan uwa. Ni abin da nike so in ƙara, mu nan wajenmu in anka ce waƙar shekarun 1980 ba Michael ne ka fara zuwa ma mutane a rai ba, rege ne. Alpha Blondy na Kodebuwa, albam nashi Jerusalem na 1986 wanda ya tahi Jamaika ya naɗa tare da The Wailers, makaɗan Bob Marley, da Lucky Dube na Afirka ta Kudu, Slave 1987 da Prisoner 1989, Allah sarki mutumin nan an kashe shi tun 2007 amma har yau ka shiga tasha ko wurin mai shayi sai ka ji shi. Da waƙoƙin Indiya irin na Disco Dancer na 1982. Kuma mafi yawan wannan sauraro ba ya shiga lissahin da Injiniya ya kawo, dan a kat memuwar yake, ana turawa daga waya zuwa waya, ba Billboard ɗin da ta san da shi.

Amma abin da ke ci mani rai shi ne namu. A waɗannan shekaru Shata na da rai yana waƙa, Ɗanƙwairo na da rai sai 1991 ya rasu, Ɗanmaraya Jos, Barmani Choge, mu nan ga Sa'adu Bori. Ina nasu albam? Ka shiga YouTube za ka samu waƙoƙin amma wani ne ya ɗauko daga kaset da ya sha rana, sauti na shuu, ba shekara, ba sunan makaɗa da ƴan amshi, wani lokaci ma sunan waƙar ba daidai ba, waƙa guda an yanke ta biyu, kuma ba ka san ko iyalan mawaƙin na samun ko dala ba. Su waɗancan abin da ya tsirar da su an adana zaren asali na situdiyo, an san wa ya rubuta wa ya kaɗa wa ke da haƙƙi, shi ya sa ake iya wanke sautin a sake hiddo shi. Na taɓa zuwa wani gidan rediyo neman wata tsohuwar waƙa da mahaihina ke so, ma'aikacin ya ce mani zaren da take kai an daɗe da naɗar wani shiri bisanshi saboda ƙarancin zare a lokacin, na hito jikina a sanyaye.

Kuma abin na yiwuwa in an samu mai kula. Mamman Sani na nan Nijar mai kiɗan ogan, ya naɗi kaset nashi a 1978, shekara da shekaru ana jin kiɗanshi tsakanin shirye-shirye a rediyo da tele mutane ba su ma san mai shi ba, sai wani kamfanin Amurka Sahel Sounds ya samu kaset ɗin a Yamai ya sake hiddo shi a 2013, daga baya sunka hiddo Taaritt wanda ya naɗa cikin shekarun 1980, yanzu ga shi a Spotify ana ji a ƙasashen da bai taɓa zato ba. Ni ina da kwali guda na kaset ɗin mahaihina, Injiniya in akwai yadda ake maida su cikin kwamfuta ba tare da sun lalace ba ka taimaka mani.

Abba_Gwammaja ya rubuta:

Kai masha Allah, wallahi na ƙaru sosai, Allah ya saka da alheri. Anti na sauke Tracy Chapman ɗin yanzu haka. Kawu kai kuma baka bani naka zaɓin ba, sannan me zaka ce kan maganar Injiniya ta cewa tsinta ake?

Kawu_Mai_Kaset ya rubuta:

Abba maganar Injiniya ta lissafi ba ni da ja a kai, ya fini sanin wannan. Amma ko a zamaninmu akwai masu zuwa da takarda sun jero waƙa goma sha biyu daga albam goma sha biyu su ce a haɗa musu a kaset ɗaya, tsinta ba yau aka fara ba, bambancin kawai a da mai tsintar ma sai ya zauna a shago ya ji sauran kafin a kai ga tasa. Kuma ka lura da wani abu, dokar daƙiƙa 30 ɗin nan da ya faɗa tana cikin abubuwan da ake cewa sun sa waƙoƙin yanzu suke gajarta, mawaƙi yana tsoron ka tsallake shi dole ya jefo amshi tun a farko. Billie Jean kuwa kusan rabin minti ake ganga da bes kafin Michael ya buɗe baki, Quincy ya so a rage, Michael ya ƙi ya ce wurin ne yake sa shi rawa. In the Air Tonight ta Phil Collins a albam ɗin Face Value na 1981 sai an wuce minti uku da rabi gangar nan take faɗowa, amma yara suna zaune suna jira har suna ɗaukar kansu a bidiyo lokacin da ta faɗo. Kenan haƙurin sauraro bai mutu ba, kuma ai a 2022 faifan garmaho ya fi CD yawan kwafin da aka sayar a Amurka, miliyan 41 da miliyan 33, karo na farko tun 1987, wanda ya sayi faifai kuwa gefe guda yake ɗorawa ya zauna.

Zaɓina gareka, bayan na Hajiya ka ji Diamond Life na Sade na 1984, a Ibadan aka haifeta ma kafin a tafi da ita Ingila tana ƙarama. Sai Graceland na Paul Simon na 1986 wanda ya yi da mawaƙan Afirka ta Kudu irinsu Ladysmith Black Mambazo, ya sha suka a lokacin dan ana kauracewa ƙasar saboda wariyar launin fata, ka ji kiɗan ka kuma karanta rigimar. Sai Thriller daga farko, ka kashe maɓallin nan mai hargitsa jerin waƙoƙi, kar ka tsallake Baby Be Mine.

Injiniya_SK ya rubuta:

Ɗan uwa na Maraɗi abin ba wuya. Ka samu rediyo mai kaset da kan da ke karanta zaren yake da lafiya, ka goge kan da auduga da ɗan sifirit ka bari ya bushe, ka fara gwadawa da kaset ɗin da baka damu da shi ba dan in tana cin zare kar ta cinye maka mai muhimmanci. Kowane kaset ka fara tariyo shi gaba da baya har ƙarshe sau ɗaya saboda zaren da ya daɗe a ajiye yakan manne, in kaga farin fumfuna a jikin zaren ka ware shi gefe tukunna kar ka saka. Sai ka sayi wayar sauti mai kai biyu irin na iyafis, ɗaya a ramin iyafis na rediyon ɗaya a ramin shigar sauti na kwamfuta, in laftof ɗinka rami ɗaya gareta akwai ɗan katin sauti na USB mai araha. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita zaka naɗa, kar ka ƙure ƙarar rediyon dan sautin zai fashe, kuma ka ajiye na asalin a WAV, tsarin fayil da ba ya rage sauti, kafin ka yi MP3 na turawa a waya. Ka ɗauki hoton kowane kaset gaba da baya da duk rubutun biron da ke jiki, in mahaifinka ko abokansa suna tuna shekarar da inda aka yi waƙar da wanda aka yi wa ka rubuta a fayil ɗaya tare da sautin. Maganar ɗorawa a intanet kuma ka fara neman iyalan mawaƙin tukunna. In ka haɗa kayan ka turo hoton bayan rediyon a nan in nuna maka ramin da zaka saka.